Rajista ta Biyu: Kundin Aikin Aji Huɗu

16 ga Satumba, 2024

Yau na buɗe rajista ta biyu. Ta farko kowa ya san ta: a kira suna, yaro ya amsa, a sa alama, a rufe. Iyakar abin da take faɗi shi ne wanda ya zo da wanda bai zo ba. Ta biyun wani abu daban take nema: cikin waɗanda suka zo, su wa darasin ya taɓa? Kowane ɗalibi yana da layinsa, a gaban sunansa kuma gida huɗu. Na yi masa tambaya. Ya yi magana aji na saurare. Na duba littafinsa yana tsaye kusa da ni. Mun yi hira da shi a kan abin da ba darasi ba.

Babu malamin da za ka tambaya ya ce maka akwai yaron da bai ɗauka da daraja ba. Kowa zai ce duk ɗaya suke a wurinsa, kuma har zuciyarsa yake faɗi. Sai dai yaro ba ya ganin zuciyar malami. Abin da yake gani shi ne wa aka kira, wa aka jira, littafin wa aka tsaya a kai, wa aka wuce. A nan na tsaya: darajar ɗalibi tana cikin yadda malami ke rabon lokacinsa, kuma rabon lokaci abu ne da ake iya ƙirgawa. Darasi minti 40 ne, yaran sun haura sittin, ko an raba daidai minti ɗaya ba zai kai ga kowa ba. Saboda haka ba daidaito nake nema a kowace rana ba. Burina kada mako biyu su wuce layin wani yaro yana nan fari.

27 ga Satumba

Siffar abin ta fito. Alamomin sun taru a bencin gaba da layin tsakiya, inda ido ke faɗawa in mutum yana tsaye gaban allo. Kusurwoyin baya da jikin bango kusan wayam. Ba sabon abu ba ne: tun 1970 wasu masu bincike biyu a Amurka, Adams da Biddle, suka ɗauki darussa a bidiyo, suka ga galibin magana tsakanin malami da ɗalibai a gaba da tsakiyar aji take faruwa. Kamar ban ruwa a lambu ne, fangalin da ke bakin rijiya ya sha ya ƙoshi, na can nesa sai abin da ya rage a guga, ba kuwa don an ƙi shi ba.

Na canja abu biyu. Na farko wurin zama: duk farkon mako kowane layi ya matsa gaba da benci ɗaya, na gaba ya koma baya. Na biyu ɗaga hannu. Yanzu ana ɗaga hannu ne in za a yi tambaya, ba don a ba da amsa ba. Sunan kowa yana kan ɗan kati cikin gwangwani, wanda na zaro shi zai amsa. Masanin ilimin nan na Birtaniya, Dylan Wiliam, ya daɗe yana kira ga wannan, hujjarsa kuwa ita ce in aka bar amsa ga masu ɗaga hannu, su ne za su yi ta samun atisayen tunani kullum, sauran su koyi zaman kallo, tazarar da ke tsakaninsu ta yi ta faɗi. Katin da na zaro nakan mayar da shi, don kada wanda ya amsa ya ɗauka ya gama nasa na ranar.

Masu ɗaga hannu ba su ji daɗi ba. Ɗaya daga cikinsu, yarinyar da ba ta taɓa rasa amsa ba, ta same ni bayan an tashi ta ce, "Malam, to mu da muka sani fa?" Tambaya ce mai nauyi. Na rubuta ta a bangon rajistar.

11 ga Oktoba

Kati kaɗai bai wadatar ba. Yaron da ya shekara uku ba a kira shi ba, in sunansa ya fito sai ya miƙe ya sunkuyar da kai, wani ya ƙyalƙyale da dariya, wani ya jefo amsar daga gefe. In aka tsaya a nan, an ƙara masa kunya ne kawai, an kuma tabbatar wa aji abin da suke zato game da shi.

Maganin na cikin jira. Mary Budd Rowe, malamar koyar da kimiyya a Amurka, ta saurari darussa masu yawa da aka naɗa, ta auna shirun da ke biyo bayan tambayar malami. A sakamakon da ta fara fitarwa a 1972, matsakaicin jiran kusan sakan 1 ne. Da aka horar da malamai su jira sakan 3 ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, "ban sani ba" ta ragu, yaran da ba sa magana suka fara sa baki. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin bincikenta shi ne wannan: ɗaliban da malami ke ganin haziƙai ne yakan jira su kusan sakan 2, waɗanda yake ganin ba su ja ba kuwa ko sakan 1 ba ya cikawa. Wato wanda ya fi bukatar lokaci shi ake fi hanzarta wa. Malami yana ganin tausayi ne, yana so ya fid da yaro daga kunya. Yaro kuwa abin da ya fahimta shi ne Malam bai sa ran komai daga gare shi ba.

Tsarin da nake bi yanzu: in yi tambaya, in ƙirga biyar a zuci, kowa na tunani domin ba wanda ya san sunan da zai fito, sannan in zaro kati. In yaro ya amsa, in sake ɗan jira kafin in ce komai, don sau da yawa rabin amsar ce ta fito, ragowar na tafe. Wanda ya ce bai sani ba nakan ce, "To saurari mutum biyu, zan dawo gare ka," kuma lalle in dawo, ya faɗi wace amsa ya fi yarda da ita da dalilinsa.

Ga abin da jiran ya haifar a darasin ɗebewa na wannan makon. Na rubuta 402 a ɗebe 178. Sunan wani yaro mai yawan shiru ya fito, ya daɗe, ya ce 376. Amsar 224 ce. Maimakon a wuce, na ce ya zo allo ya nuna yadda ya yi. Ashe a kowane gida ƙaramar lamba yake cirewa daga babba: 8 a cire 2 saura 6, 7 a cire sifili saura 7, 4 a cire 1 saura 3. Ba caɓe ba ne, ƙa'ida ce yake bi, kuma bai kuskure mata ko sau ɗaya ba. Ƙa'idar ce ba daidai ba. Na ce duk wanda ya sami 376 ya nuna littafinsa. Suka fito da dama, har da wasu na bencin gaba. Darasin aro daga gidan gomomi da ɗaruruwa da muka yi washegari daga amsarsa ya taso, kuma na faɗa wa aji haka. Amsar da ba daidai ba ita ce ta fi nuna wa malami inda zai sa hannu, amma sai an ba mai ita lokaci ya ƙarasa.

18 ga Oktoba

Monita ya daina rubuta sunayen masu surutu. Takardar nan kullum sunaye iri ɗaya ke cikinta, kuma tana koya wa yaro ɗaya cewa shi ne idon Malam a kan sauran. Ayyukan aji, goge allo, rabon littattafai, riƙe alli, buɗe tagogi, yanzu zagayawa suke bisa jerin suna. Wanda ba a taɓa aika ba ya san ba a taɓa aikensa ba.

4 ga Nuwamba

Na gama gwajin karatu, yaro ɗaya bayan ɗaya, a lokacin hutun tara. Tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ke amfani da shi na ara, wanda take auna karatun yara da shi gida-gida tun 2005. Takarda ɗaya ce mai hawa huɗu: haruffa, kalmomi, ɗan sakin layi, gajeren labari. A fara da sakin layi. In yaro ya karanta a haura, in ya kasa a sauko, har a sami inda ƙafarsa ta tsaya. Mintuna kaɗan yake ci.

Ajin huɗu ɗaya ne a rajista, amma a karatu ya rabu mataki-mataki. Akwai masu karanta labari su ba ka ma'anarsa, akwai waɗanda har yanzu ba su haɗa baƙi, da 'yan kaɗan da haruffan ma sai sun yi ta lalube. Littafin aji huɗu da ƙalilan yake magana. Wannan ba matsalar ɗaki ɗaya ba ce. A 2019 Bankin Duniya ya ƙiyasta kashi 53 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta, a 2022 kuma, bayan rufe makarantu saboda korona, ƙiyasin ya hau zuwa kashi 70. Yaron da ba ya karatu, duk darasin da aka rubuta a allo ya wuce shi, ko da tarihi ne ko kimiyya. Mutunta shi ba ya nufin a yi kamar ba a gani ba. A fara koya masa daga inda yake.

Shugaban makaranta ya amince da rabin awa kowace safiya, a raba yara rukuni-rukuni bisa matakinsu, ba bisa shafin da manhaja ta ce a kai ba.

Amma rukuni na da haɗarinsa, kuma ina ɗaukar haɗarin da muhimmanci. A tsakiyar shekarun 1960 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson, wadda ita ce shugabar wata firamare a Kalifoniya, suka gaya wa malamai cewa wani gwaji ya nuna wasu yara za su bunƙasa a shekarar. Alhali da ka aka zaɓo yaran, kusan kashi 20 cikin 100. Da aka sake gwaji, waɗanda aka sa wa ran sun fi ci gaba, musamman a aji ɗaya da aji biyu. An soki binciken bayan fitowarsa a 1968, kuma nazarce-nazarcen baya sun nuna tasirin zaton malami yawanci bai kai yadda aka fara zuzutawa ba, sai dai ya fi ƙarfi a kan yaran da dama can ake musu kallon raini. Su ne kuwa nawa na rukunin haruffa. Don haka na kafa sharuɗɗa. Rukunan ba su da lamba ko suna mai nuna sama da ƙasa. Ba sa wuce rabin awar nan, sauran yini aji ɗaya ne. Ana sake gwaji kowane wata, wanda ya haura ya tashi nan take. Kuma ni da kaina nake zama da rukunin haruffa. Masu karanta labari su ne ke aiki su kaɗai da tambayoyi a rubuce.

22 ga Nuwamba

Juyin wurin zama ya tono abin da ban buɗe rajistar dominsa ba. Akwai yarinyar da littafinta ke da kyau a makon da take gaba, ya lalace in ta koma baya: haruffa a tsallake, 3 ta zama 8, layi guda ya ɓace. A bakin malamai sunanta mai sakaci. Na manna takardar gwajin ido a bango, irin mai harafin E yana fuskantar ɓangarori daban-daban, wadda ta samo asali daga allon da likitan Holan Herman Snellen ya ƙirƙiro a 1862. Na auna mita 6, kowane yaro ya rufe ido ɗaya ya nuna da yatsu. Ita manyan layukan sama kawai ta gani. Wasu biyu ma sun yi ta ƙanƙance ido.

Malami ba likita ba ne, aikina in ce a je a duba. Na aika a kira mahaifiyarta. Da na yi mata bayani ta yi shiru, can ta ce, "Malam, mu kuwa duk a zatonmu wasa ne ya yi mata yawa." Na ce, "Mama, ba wasa ba ne, ƙoƙari take yi fiye da kowa, allon ne ba ta gani." Za su kai ta asibitin ido. Kafin nan su ukun sun fita daga juyin zama, bencin gaba nasu ne. Na gaya wa aji dalili, ba wanda ya yi ƙorafi. Yara sun fi manya saurin gane cewa adalci ba shi ne a ba kowa abu iri ɗaya ba.

6 ga Disamba

Mun yi muhawara mai tsawo a ɗakin malamai da wani malami da ya girme ni a aikin nan nesa ba kusa ba. Ya ce, "Malam, kana ta fama da na baya, haziƙanka za su lalace. Su ne za su fid da makaranta kunya ranar jarrabawa." Ban ɗauki maganarsa da wasa ba, domin ita ce tambayar yarinyar nan da ke bangon rajista. Na duba layukan masu ƙoƙarin. A gidan tambaya sun ragu, dole. Abin da ya fi damuna shi ne irin tambayar: abin da suka riga suka sani ake tambayarsu, su amsa, a yaba, ba su ƙaru da komai ba. Yaron da ya yi wata guda bai haɗu da abin da ya gagare shi ba, shi ma an yi watsi da shi, ko da maki ɗari yake ci.

Yanzu kowane aikin lissafi yana da wutsiya: tambaya ɗaya mai wuya wadda ba a sa wa maki, kowa na iya taɓawa. Ta wannan makon: nemo lambobi biyu masu gida uku da in an ɗebe ɗaya daga ɗaya za a yi aro sau biyu, amsar kuma ta zama 99. Yarinyar ta kwana biyu a kanta, ta zo tana muhawara da ni. Ban yarda a mai da su ƙananan malamai kullum ba. Taimakon aboki yana da kyau, amma su ma karatu suka zo yi.

Inda muka rabu da Malam shi ne batun matsayi a katin sakamako. Shi yana ganin na ɗaya da na biyu ke sa yara himma. Ni ina ganin gasar tsakanin yara biyar ko shida kawai take, sauran sun san ba da su ake ba, kuma a aji mai yara sittin dole wani ya zo na sittin ko da kowa ya ninka ƙoƙarinsa. Dokar makaranta ce, zan cike gidan. Amma a ƙarƙashinsa zan rubuta wa kowane yaro abin da ya iya yanzu wanda bai iya ba a Satumba.

13 ga Janairu, 2025

Zango na biyu, aikin ya koma kan jan biro. A 1988 Ruth Butler ta yi gwaji da yara 132 'yan aji biyar da shida a Isra'ila. Wasu aka mayar musu da aikinsu da maki kawai, wasu da sharhi kawai, wasu da duka biyun. Masu sharhi kawai ne aikinsu ya inganta. Masu maki da sharhi tare ba su fi masu maki kawai ba, domin ido na faɗawa kan lamba, sai a leƙa ta maƙwabci, sharhin ya tafi a banza. A aikin aji na yau da kullum na daina sa maki. Layi biyu nake rubutawa: abin da ya yi daidai, da abu ɗaya da zai gyara, sannan minti goma na farkon darasi na gyaran ne.

Aikin na da nauyi, ba zai yiwu a yi wa kowa kullum ba. Na raba littattafan kashi-kashi, kowane yaro ya sami sharhi sau ɗaya a mako. Kuma na kiyaye bakina wajen yabo. Binciken Claudia Mueller da Carol Dweck na 1998 ya nuna yaran da aka yaba wa basira sun fi saurin karaya da suka haɗu da aiki mai wuya, fiye da waɗanda aka yaba wa ƙoƙari. "Kai haziƙi ne" da "kai daƙiƙi ne" duk hukunci ne a kan yaron. "Ka jera lambobinka gida-gida, shi ya sa aronka ya fita" magana ce a kan aikin, kuma gobe zai iya maimaitawa.

7 ga Fabrairu

Daraja yaro mai shiru ko mai rauni ba shi da wuya, tausayi na taimakawa. Jarrabawar gaskiya ita ce yaron da ke ɓata maka darasi. Ina da shi. Ya girmi ajin, ya maimaita aji a baya, yana tsokana, yana mayar da magana. Layinsa a rajista cike yake, sai dai da na duba kusan duk maganar da ke shiga tsakaninmu tsawa ce. Shi ya sa na ƙara alama ta daban don rarrabe magana ta gyara da magana ta alheri.

Sashe na 28 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1989, ya ce a gudanar da ladabtarwa a makaranta ta hanyar da ta dace da mutuncin yaro. Bai ce kada a ladabtar ba. Hukunci yana nan: in ya hana wasu karatu zai biya lokacin, in ya ci zalin wani zai ba da haƙuri ya gyara. Abin da babu shi ne tozartawa a gaban aji, da laƙabi, da ɗauko laifin jiya a ɗora kan na yau. Gyara a gefe nake yi, da murya ƙasa. Kullum kuma nakan nemi 'yan mintuna mu yi hira da ba ta shafi laifi ba. Da farko "e" da "a'a" kawai nake samu. A makon nan ya yi mini bayanin yadda ake gyaran birkin keke, tiryan-tiryan, ba gargada. A rukunin kalmomi yake, kuma na lura rigimarsa ta fi tashi daf da lokacin da za a yi karatu a bayyane. Yanzu nakan ba shi layukan da zai karanta tun ana gobe. Jiya ma ya yi faɗa a fili, an raba. Aikin da sauransa.

3 ga Maris

Sakamakon gwajin wannan wata: rukunin haruffa ya ragu ƙwarai, yawancinsu sun koma kalmomi, wasu har sakin layi. Yarinyar nan ta dawo da tabarau, ta koma cikin juyin zama da kanta. Yaron 376 yanzu shi ke kama kuskuren aro a allo.

Akwai 'yan kaɗan da ba su motsa ba tun Nuwamba. Biyu fashi ne ke cinye su, wannan maganar iyaye ce, kuma na nemi zama da su. Sauran suna zuwa kullum, suna ƙoƙari, amma sautin harafi ba ya zama. Zan gwada su da raba kalma gaɓa-gaɓa da baki ba tare da takarda ba, in kuma nemi a duba jinsu kamar yadda aka duba ido.

Na fara tsara takardar da zan miƙa wa malamin aji biyar. A 1984 Stephen Raudenbush ya tattara gwaje-gwajen da aka yi kan zaton malamai, ya ga tasirin ya fi ƙarfi inda malami bai wuce mako biyu da sanin yaran ba. Ke nan abin da aka gaya wa sabon malami kafin ya san yaro da kansa yana da nauyi sosai. Takardar ba za ta ɗauki siffa irin su malalaci ko fitinanne ba. Gida uku ne ga kowane yaro: abin da ya iya, mataki na gaba, da abin da aka gwada ya yi aiki. Shugaban makaranta ya ce in kawo samfurin yara goma ranar taron malamai na ƙarshen wata, a ga ko sauran azuzuwa za su ɗauka.